Chardonnay ta Burgundi: ta yaya ake gane wadda za ta jure ajiya?

MaiSito_Abj
Barkanmu da war haka 'yan zaure. Tambayata ga masu aikin otal ne da waɗanda suka karanci harkar inabi. Ana yawan cewa farar giyar inabi ba ta ajiyuwa, a shanye ta cikin shekara biyu ko uku, jar ce ake ajiyewa. Amma a takardar dillalai sai ka ga Chablis Premier Cru ta 2020, Meursault ta 2018, da Puligny-Montrachet Premier Cru ta 2014, duk inabin Chardonnay ne daga yankin Burgundi na ƙasar Faransa, kuma tsohuwar ta fi tsada. In an buɗe kwalba ɗaya don gwaji, me ake dubawa da ido da hanci da baki wanda zai nuna sauran za su kai shekara biyar ko goma? Kuma cikin ukun nan wacce ya kamata a fara fitarwa?

Bawa_Dijon
Malam MaiSito, maganar gaskiya ce ga yawancin farar giya, amma ba ga manyan gonakin Burgundi ba. A can sunan giya sunan ƙauyenta ko gonarta ne, kuma mataki-mataki ne: Grand Cru a sama, sai Premier Cru, sai ta ƙauye. Abin da ke riƙe jar giya shi ne baurin da take samu daga fatar inabi. Fara ba ta da wannan baurin sosai, don ana matse ruwan a raba shi da fata tun farko. Saboda haka abu uku take dogara da su: tsami, kaurin ɗanɗano, da farar wutar da aka sa mata kafin a rufe kwalba.

Ga yadda ake gwajin. A zuba kamar mililita 50 a kofin gilashi mai tsukakken baki. Kada ta yi sanyi ƙarara: digiri 10 zuwa 12 ga Chablis, 12 zuwa 14 ga Meursault da Puligny. In ta fito daga firij a digiri 4 ba abin da za ka ji, sanyi yana rufe ƙamshi, yana kuma ɓoye aibi.

Da ido: karkata kofin bisa farar takarda. Ƙaramar giya ruwan ɗorawa ce mai haske da ɗan kore-kore. Da shekaru take komawa ruwan zinariya. In ta 2020 ta riga ta yi duhun zuma, akwai matsala.

Da hanci: sunsuna kafin ka juya kofin, sannan ka juya ka sake. A ƙuruciya lemun tsami ne, ɗanyen tuffa, farin fure. In ta manyanta sai soyayyar gyaɗa, zuma kaɗan, man shanu, wani lokaci ƙamshin naman kaza.

Da baki shi ne babba. Kurɓa, juya ta a baki, ja iska kaɗan ta tsakanin haƙora, tofar, sannan ka fara ƙirga daƙiƙa har ɗanɗanon ya ɓace. Faransawa na kiran kowace daƙiƙa caudalie. Wadda ta ɓace a daƙiƙa uku ko huɗu ta sha yanzu ce. Wadda ta kai takwas, goma, ko fiye, kuma yawu na ta tsattsafowa daga gefen harshe, ita ce mai sauran tafiya.

Talatu_K
Na yarda da Yaya Bawa, sai dai tsami shi kaɗai ba ya isa. Inabin da aka tsinke bai nuna ba yana ba da giya mai tsami kamar me, amma bayan shekara biyar tsamin ne kawai zai rage, sauran ya tafi. Ka duba tsakiyar baki: bayan kurɓar farko akwai nauyi a kan harshe, ko ruwa-ruwa ne? Nauyin nan daga ƙarancin amfanin gona yake zuwa. Shi ya sa doka ta ƙayyade iyakar giyar da gona za ta fitar: Chablis ta gama-gari hektolita 60 a hekta (hektolita ɗaya lita ɗari ce), Chablis Grand Cru 54, Montrachet 48.

Abu_Hafsat
Jama'a ku yi haƙuri, amma wannan zance bai dace da zauren Hausawa ba. Giya haramun ce, kowa ya sani.

Shugaban_Zaure
Malam Abu Hafsat, mun ji, kuma ba wanda ya yi jayayya da hukuncin ga Musulmi. Zauren na ma'aikatan otal ne da ɗaliban noma, akwai Musulmi akwai Kirista. Wanda zancen bai shafe shi ba ya wuce zuwa na gaba. A ci gaba, banda gardamar addini.

ƊanMaraɗi
Gaisuwa ga manya. Ni abin da zan ƙara lissafi ne, don baki kan yaudari mutum. Ka roƙi dillali takardar bayanin giyar, gidajen yin giya da yawa suna bayarwa. Duba pH, wato ma'aunin tsami: in lambar ta yi ƙasa tsami ya yi yawa. Mai kyau ga ajiya tsakanin 3.1 da 3.3 take. In ta kai 3.5 ko ta wuce, kada ka yi dogon buri.

Dalili shi ne farar wuta, wato SO2, ƙarfinta ya danganta da pH. Don a samu kariya iri ɗaya, a pH 3.2 miligiram 21 a lita na wadda ba ta ɗaure da sauran sinadaran giyar ba ya isa, a 3.4 sai kusan 32, a 3.6 kuwa sai 50. Ke nan giya mai ƙarancin tsami ta yi asara biyu: ba tsamin da zai riƙe ta, farar wutar ma ta yi rauni.

Hattara da wani abu a takardun Faransa. Su suna auna jimlar tsami da ma'aunin H2SO4, Amurka da su Ostareliya kuwa da ma'aunin tataric, wato tsamin inabi. In ka ga giram 4 a lita a takardar Faransa kada ka ce ta yi lami, ninka da 1.53, ya zama kusan 6.1, daidai ne ga Burgundi.

Ishaya_Pankshin
Ni dai na ɗauka wadda ta fi ƙamshin katako ita ta fi daɗewa. Ba shi ya sa Meursault Grand Cru ke da tsada ba?

Bawa_Dijon
Ɗan'uwa Ishaya, Meursault ba ta da Grand Cru ko ɗaya. Manyanta Premier Cru ne: Perrières, Genevrières, Charmes. Grand Cru na fara da aka fi sani a yankin Côte de Beaune na Burgundi su ne Montrachet, Chevalier-Montrachet, Bâtard-Montrachet, Bienvenues-Bâtard-Montrachet da Criots-Bâtard-Montrachet, duk tsakanin ƙauyukan Puligny da Chassagne, sai Corton-Charlemagne can arewa a kan tudun Corton. Duk kwalbar da aka rubuta wa Meursault Grand Cru, mayar wa mai ita.

Batun katako kuma, ƙamshinsa ba ya ƙara wa giya kwana. Gangar Burgundi lita 228 take ci. Amfaninta shi ne giyar na kwana bisa guggubin yis wata 12 zuwa 18, tana shan iska kaɗan-kaɗan ta jikin katako, guggubin kuma na cinye iskar yana ba ta kauri. Tsohuwar ganga ma tana yin wannan aikin. Sabuwa ce ke ba da ƙamshin banila da gasasshen burodi, kuma gidaje da yawa yanzu ba sa wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na sababbi. In ƙamshin katako ya danne na inabi tun tana ƙarama, kuma ƙarshen baki ya bushe yana ɗaci, shekaru ba za su gyara ba.

Talatu_K
Hujja ma ita ce Chablis. Da yawa a tankin ƙarfe ake yin ta, ko tsohuwar ganga, amma ta gonakinta na Grand Cru irin su Les Clos ko Valmur, ta shekara mai kyau, tana kai shekara 15 lafiya lau. Can arewa ne, sanyi ya fi, ƙasar kuma yumɓu ce gauraye da farar ƙasa mai cike da ɓawon ƙananan kawa na zamanin da teku ya rufe wurin.

Wani abu game da Chablis: manyanta sukan rufe bakinsu tsakanin shekara ta uku da ta biyar ko shida. Ƙamshin ƙuruciya ya tafi, na girma bai zo ba. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu. Ka gane ta da launi: in har yanzu fara ce tas, tsami na nan, ƙarshen baki dogo, ba mutuwa ta yi ba.

Injiniya_Gona
Duk kun yi bayani mai kyau, amma ba wanda ya taɓo abin da ya fi cin kuɗin masu ajiye farar Burgundi, wato tsufa kafin lokaci, abin da 'yan kasuwar ke kira premox. An fara lura da shi a farkon shekarun 2000, a kan giyar 1995, 1996 da waɗanda suka biyo baya. Kwalbar da ya kamata ta kai shekara 15 sai a buɗe ta a ta shida a tarar ta yi ja, tana warin tuffa da ya bugu, ɗanɗano ya kwanta. Iska ce ta cinye ta, kamar yadda yankakken gauta ke yin baƙi in an bar shi a faranti.

Alamarsa ta musamman: a kwali guda mai kwalba 12, wasu lafiya lau, wasu sun tafi. Saboda haka gwajin kwalba ɗaya da Malam MaiSito ke magana ba ya ba da tabbaci kan sauran. Abin yi shi ne a jera dukkan kwalaben a gaban farin haske a kwatanta launi. Wadda ta fi 'yan'uwanta duhu a ware ta, a fara da ita.

Dalilan da aka fi ambata:
Matoshi. Ɓawon itace ne, kowanne da yawan iskar da yake bari ta wuce, kuma a waɗancan shekarun masana'antu sun canza yadda suke wanke shi.
Rage farar wuta, don ana son giya mai daɗin sha tun tana ƙarama.
Yawan motsa guggubi da sanda a cikin ganga. Kowace buɗewa iska ce ke shiga, farar wuta na raguwa.
Sababbin injinan matsa masu aiki da iska, masu matsa a hankali. Ruwan na fitowa tas, ana kuma kare shi daga iska tun farko, sai abubuwan da ke saurin yin ja su tsira har cikin kwalba. A da ruwan kan yi ja tun a baho, abubuwan nan su kwanta a zubar da su kafin tsimuwa.

Marigayi Denis Dubourdieu da Valérie Lavigne na jami'ar Bordeaux sun yi aiki sosai a kai, sun nuna rawar glutathione, wani sinadari da ke cikin inabi da guggubi mai kare giya daga iska. Kurangar da ta sha ƙishi ko ta rasa abinci a ƙasa ba ta tara shi da yawa.

ƊanMaraɗi
Ƙwarai kuwa Injiniya. Shi ya sa gidaje da dama suka koma matoshin Diam, wanda ake niƙa ɓawon a tsabtace shi a sake haɗawa, kowane ɗaya iskar da yake bari daidai da ɗan'uwansa. In ka zare matoshi ka duba jikinsa, ana buga lamba: Diam 5, 10 ko 30. Mai 10 ko 30 alama ce mai gidan da ajiya ya yi niyya.

Saratu_Lyon
A nan zan saɓa da ku kaɗan. An gudu daga wata matsala an faɗa wata. Yanzu da yawa suna rufe giyar da ƙyar take numfashi, ka buɗe ka ji warin ashana da aka ƙyasta ko ƙanƙarar bindiga. Masu saye sun ɗauka wannan ne alamar inganci. Kaɗan ba laifi, yana tafiya in an juye ta a tulun gilashi minti 30. Amma in ya kai warin dafaffen kabeji ko ruɓaɓɓen ƙwai, aibi ne. Kuma yana sa Meursault da Puligny da Chassagne duk su zama abu guda a hanci, alhali bambancin ƙauyukan ake biya wa kuɗi.

Injiniya_Gona
Anti Saratu, ban ƙi ba, amma ga mai ajiya gara warin ashana da warin bugaggen tuffa. Na farko iska na gyara shi, na biyu ba magani.

Saratu_Lyon
Iska na gyara wani, ba duka ba. In ya daɗe a kwalba yakan rikiɗe zuwa nau'in da ko an juye ba ya fita. Kuma ba wanda ya nuna cewa warin ashana da kansa ke ƙara kwana. Abin da yake nunawa kawai shi ne giyar ba ta sha iska ba zuwa ranar.

Kande_Resto
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Pouilly-Fumé ma cikin wannan lissafin take?

Talatu_K
A'a 'yar'uwa. Pouilly-Fumé inabin Sauvignon Blanc ne daga kwarin Loire. Pouilly-Fuissé ce Chardonnay, daga Mâconnais a kudancin Burgundi, kuma tun daga girbin 2020 tana da nata Premier Cru. Can ya fi ɗumi, giyar ta fi taushi, yawanci shekara 3 zuwa 8 ne nata. A jerin giya na otal ana yawan rikita su biyun.

Dattijo_Sabongari
Yarana, duk wannan lissafin shekaru na ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a garin Beaune na Burgundi, inda zafi ke tsaye a digiri 12 zuwa 14 rani da damina, ga laima kashi 70 ko fiye, ga duhu. Mai tambaya a Abuja yake. Sai a faɗa masa gaskiya.

Ƙa'idar da masu kimiyya ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 saurin lalacewa kusan ninkawa yake. Kwalbar da ke sito a digiri 33 tana tsufa kusan ninki huɗu, kuma ba tsufa mai kyau ba, dahuwa ce. A Kano ko Yamai watan Afrilu zafi na wuce 40. Ga kuma hanya: kwantena marar sanyi ta kwana a tashar Legas, Kwatano ko Lome, sannan ta hau mota. Giya da yawa ta riga ta mutu kafin a sauke ta.

Kafin a biya kuɗi a duba waɗannan, ba sai an buɗe ba, ba sai an ɗanɗana ba, ko wanda ba ya sha zai iya:
Shafa saman kwalba da yatsa. In matoshi ya turo sama ya kumbura rufin, zafi ya taɓa ta.
Murɗa rufin a hankali. Yawanci yana juyawa. In ya manne, ko akwai danƙo a wuya, ko tabo a takarda, ta yi yoyo.
Duba tazarar da ke tsakanin matoshi da giya. A giyar da ba ta tsufa ba, ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu. In ta kai uku ko huɗu a giyar da ba ta shekara goma ba, a bar ta.
A tambayi dillali ko a kwantena mai sanyi aka kawo, a ga takarda.

MaiSito_Abj
Baba Dattijo na gode. To in akwai firij na giya fa? Matsalar wuta ce kawai.

Dattijo_Sabongari
Ai ita ce babbar matsalar. Hawa da sauka ya fi zafi tsayayye ɓarna. Giya ta yi ɗumi ta kumbura ta tura iska waje, ta huce ta jawo sabuwa ciki ta gefen matoshi. Firij da ke mutuwa awa shida kullum famfo ne kawai yake yi wa kwalba. A sa shi kan inbata ko sola, a cika gurbin da ya rage da gorunan ruwa don sanyi ya daɗe, a sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, a duba kowane mako. Lokacin hunturu iska na bushewa ƙwarai, a ajiye kwanon ruwa a ciki saboda matoshi. Kwalabe a kwance. Kada a jera su a kanta ƙarƙashin fitila don ado, haske na ɓata farar giya.

Bawa_Dijon
Mu koma kan kwalabe ukun. Idan duk sun iso lafiya, ga yadda nake gani.

Meursault 2018 a fara da ita. Shekara ce mai zafi da yawan amfani, tsami bai kai na sauran ba, kuma ta ƙauye ce ba Premier Cru ba. Irinta shekara 4 zuwa 8 ne, tana cikin lokacinta.

Puligny Premier Cru 2014 ta biyu. 2014 na cikin shekarun da aka fi yabo ga farar Burgundi, tsami tsaf. Ta wuce shekara goma, ta kai inda ake so. A ɗaki mai kyau za ta ƙara wasu shekaru, amma ba abin da za a samu da ya kai haɗarin.

Chablis Premier Cru 2020 ta ƙarshe. An yi girbi da wuri, tun cikin Agusta, amma fararen sun riƙe tsaminsu fiye da yadda aka zata.

Talatu_K
Ni da Puligny zan fara. Ita ta fi tsada, ita ta fi daɗewa a hannun mutane, ba wanda ya san inda ta kwana shekara goma. Asarar kwalba ɗaya tata ta fi ta Meursault ciwo. Kuma 2018 ba ta lalace kamar yadda aka yi tsoro ba, yawan amfanin ma ya hana ta yin nauyi fiye da kima. Ba 2003 ba ce, da zafi ya ƙone tsami.

Ishaya_Pankshin
Akwai gwajin da ake cewa a bar rabin kwalba a firij kwana biyu. In ta ƙara daɗi za ta ajiyu. Gaskiya ne?

ƊanMaraɗi
Yana da amfani, amma da iyaka. Mayar da matoshi, sa a firij, ɗanɗana bayan awa 24 da 48, ka bar sanyinta ya ragu zuwa digiri 12 kowane karo. In ta buɗe ta ƙara faɗi, tana da abin da za ta yaƙi iska da shi. In washegari ta kwanta ta fara warin tuffa, kada ka ajiye 'yan'uwanta. Abin da ba ya gaya maka shi ne halin matoshin sauran kwalaben, kamar yadda Injiniya ya ce.

Kande_Resto
Wani lokaci ana ganin ƙananan duwatsu kamar sukari a gindin kwalba, baƙi su ce gilashi ne ya fashe. Akwai kuma mai warin jiƙaƙƙen kwali. Duk premox ne?

Injiniya_Gona
Ko ɗaya ba shi ba ne. Duwatsun gishirin tsamin inabi ne da ke daskarewa in giya ta sha sanyi sosai, ba sa cutarwa, a tsiyaye a hankali a bar su a gindi. Warin jiƙaƙƙen kwali kuwa sinadarin TCA ne daga matoshi. 'Yan nanogiram kaɗan a lita hanci ke kama shi. Launi ba ya canzawa, shi ne bambancinsa da premox, kuma ƙara ƙarfi yake in giyar ta daɗe a kofi. Ba laifin ajiya ba ne, tun ranar rufewa yake ciki, don haka dillali na gari yana karɓar kwalbar in an mayar da ita da matoshinta da sauran giyar.

Saratu_Lyon
Ƙari ga Malam MaiSito: in da gaske ajiya ake so, a nemi babbar kwalba mai lita ɗaya da rabi. Wuyanta kusan ɗaya ne da na mai santilita 75, iskar da ke shiga ɗaya, giyar ninki biyu, ga shi ba ta saurin ɗaukar zafi in wuta ta ɗauke. Rabin kwalba kuwa kada a ajiye ta ko kaɗan.

Dattijo_Sabongari
Babbar kwalba a otal sai tebur mai mutum shida, ba kullum ake samu ba. Ni shawarata ba ta canza ba: a sayi abin da zai ƙare cikin wata shida zuwa shekara, a bar Faransawa su yi ajiyar a ɗakunansu, a biya su kuɗin.

Bawa_Dijon
Baba, in kowa ya bi haka ai tsohuwar ma ta hanyar nan za ta biyo, kuma tsohuwa ta fi ƙarama rauni a zafi, farar wutarta ta riga ta ragu. Ƙaramar Chablis mai Diam 10 ta fi jure kwantena. Malam MaiSito, turo mana hoton wuyan kwalaben 2014 a gaban haske, da lambar da ke jikin matoshin in kun buɗe ɗaya.